Gyaran Saba Daga Kan Tabarma

Ranar da aka ba ni ikon shiga saba, babbar kwamfutar ofishinmu, daga gida, murna ta hana ni zama. Na baje tabarma a gidanmu na Ƙofar Gayan, na kira yayata.

“Yaya, daga nan nake juya ofis gaba ɗaya,” na ce, har da gyara hula.

Don in burge ta, na kashe netwok ɗin sabar da niyyar sake kunnawa. Ashe ta wannan netwok ɗin nake shiga, yanzu ba hanyar sake kunnawa daga gida. Nan take manaja ya kira, aikin kowa ya tsaya cak. Da silifas na fita neman acaɓa zuwa ofis, in kunna da hannu.

Har yau ko rediyonta ya lalace sai ta ce, “Injiniya, in tsayar maka da acaɓa?”