Na-Lissafa da Gangaren Asibiti

"Ni fa ko gadar da za ta tsallake teku aka ba ni, kwana uku ya yi yawa," in ji Na-Lissafa, yana gyara zaman hular kwanonsa. "Balle ɗan gangaren keken marasa lafiya. Wannan ai da hannun hagu zan zana shi, ina kurɓar shayi da na dama."

Tsaya in gabatar maka da mutumin, kada ka ɗauka wani gawurtaccen injiniya ne. Ɗalibi ne ɗan aji uku a sashen injiniyan gine-gine. Hular nan ya saye ta tun kafin jami'a ta ba shi gurbi, da ita yake shiga lacca, da ita yake cin abinci, abokan ɗakinsa ma sun rantse sai an yi da gaske yake cire ta in zai yi wanka. Laƙabin kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa yau, ya ce, "Na lissafa." Ka ce masa takalminsa ya kwance, ya ce ai ya lissafa.

A sashen nasu akwai ƙungiyar aikin sa kai. Duk Asabar ɗalibai kan fita, yau su gyara famfon wata makaranta, gobe su yashe kwalbatin da ya toshe. Shekara biyu da rabi Na-Lissafa bai taɓa leƙa su ba, yana cewa ɗaukar shebur aikin waɗanda lissafi ya ƙi ne. Ana nan sai Malam, uban ƙungiyar, ya sanar cewa wani kamfanin gina gadoji zai ɗauki ɗalibi ɗaya horon aiki, kuma wasiƙar yabo guda ɗaya tak zai rubuta, ga wanda ya fi taka rawa a aikin bana. Abin nema ya samu. A taro na gaba, Na-Lissafa ya riga mai buɗe ƙofa zuwa.

Aikin bana shi ne wani ƙaramin asibitin unguwa mai matakala biyar a ƙofarsa. Duk wanda aka kawo a keke sai an ɗaga shi da keken gaba ɗaya, nas-nas ɗin har bayansu ya fara ƙara. Babbar Nas ce ta roƙi a yi musu gangare. Malam zai yi tafiyar mako biyu, sai ya bar aikin a hannun ɗalibai tare da wani dattijon magini da ya ce zai taimaka saboda Allah. Na-Lissafa ya buɗe kwamfuta ya haska musu zane mai launi bakwai, yana juyawa yana walƙiya, kafin ka ce kwabo an naɗa shi jagora.

Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba, wata 'yar ajinsu da ake kira Mai Tef saboda tef ɗin awo ba ya barin jakarta.

"Na je na auna," in ji ta. "In ana so mutum ya hau da kansa, sai gangaren ya kai mita tara, ya kwanta a hankali, ya karya kwana ta gefen bango. Naka mita biyu da rabi ne."

"Ke dai kin yi barci a aji ɗaya," Na-Lissafa ya ce. "Hanya mafi kusa tsakanin wuri biyu ita ce miƙaƙƙen layi. Mara lafiya sauri yake yi, ke kuma kina so ki kai shi yawon buɗe ido."

"Ka je wurin ka gani kuwa?"

"Na ga hotonsa."

Ranar zuba siminti Baba Magini ya tsaya ya dubi katakon da aka kafa, ya dubi sama inda ya nufa, ya sosa gemu.

"Ɗana, wannan gangare ne ko tsani?"

"Baba, kwamfuta ta amince da shi."

"To madalla. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa."

Aka kwaɓa, aka zuba, aka daddale. Kowa ya yi fururu da ƙurar siminti in ban da jagora, wanda ya tsaya a inuwa yana nuni da biro. Da siminti ya fara kamawa, sai Baba Magini ya je ya aro tsintsiya wurin mai shara, ya durƙusa zai ja ta a kan ɗanyen simintin. Haka magina ke yi tun fil azal: tsintsiya ta bar 'yan layuka, wurin ya yi kaushi, taya da takalmi su sami abin kamawa.

Na-Lissafa ya yi tsalle ya tare gabansa kamar an ce za a yanka masa ɗa.

"Baba, me zan gani haka? Tsintsiya a kan aikina?"

"Don kada ya yi santsi ne."

"Santsin ai shi ake nema." Ya juyo ga ɗalibai, ya ɗaga biro. "Ku gaya wa Baba, me ake rubutawa a saman kowace tambayar jarrabawa? A ɗauka shimfiɗar sumul take, babu gogayya. Shekara uku ina ɗauka babu gogayya, ban taɓa faɗuwa ba. Gogayya asarar ƙarfi ce. Ni ne mutum na farko da zai fitar da ita daga takarda ya kore ta a ƙasa."

"A takarda ake ɗauka, don lissafi ya yi sauƙi," Mai Tef ta ce. "Ba a ce ka je ka gina shi ba."

"Hassada ga mai rabo taki ce. Wasiƙar ce ke damunki, na lissafa."

Baba Magini ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya mayar wa mai shara tsintsiyarta. "Shekara arba'in ina gini, yau na ga wanda ya fi tsintsiya ilimi. Ɗana, wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

A ranar ce aka fara ganin Na-Lissafa ya yi aiki da hannunsa, kuma wallahi da bai yi ba da ya fi. Ya karɓi cokalin gini, ya barbaɗa zallar siminti, ya yi ta shafa, ya yi ta lailaya, har gangaren ya koma kana iya ganin haƙoranka a ciki. Da ya bushe ya dawo ya bi shi da fenti mai ƙyalli. Ya ja igiya ya kewaye, ya kafa doka cewa ko ƙuda kada ya sauka a kai sai ranar buɗewa. Ƙadangare ɗaya ya karya dokar, mai shara ta ce a kan idonta ya taka sama, sai ganinsa ta yi a ƙasa yana gyaɗa kai yana mamaki.

Ranar buɗewa ta zo, Malam ya dawo. Na-Lissafa ya gayyato mahaifiyarsa, ya zaunar da ita a kujerar gaba, ya riga ya gaya mata ta fara shirin zama uwar mai gina gadoji. Da safe ya sa an wanke gangaren da ruwan sabulu don ya fito a hoto. Malam yana shigowa ya hango abin, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya buɗe baki zai yi magana, amma jagora ya riga ya fara jawabi. Minti ashirin yana yi, ya ambaci kansa sau talatin.

"Yanzu a kawo mara lafiya mu gwada," in ji shi.

"Marasa lafiyana suna da isasshen ciwo," Babbar Nas ta ce. "Ga keke nan, mai gini shi ke fara shiga ɗakinsa."

"Da ma haka na tsara."

Ya zauna a keken daga ƙasa, ya tura taya. Keken ya hau taku ɗaya, tayoyin suka yi ta juyawa a wuri guda, sannan ya dawo da shi inda ya ɗauko shi. Ya ja da baya, ya taho da gudu, ya kai rabi, ya tsaya cak na ƙiftawar ido, ya sulalo da baya yana kallon jama'a suna wucewa. Wani daga cikin ɗalibai ya tura kansa cikin riga, kafaɗunsa na rawa.

"Wannan gwajin birki ne," Na-Lissafa ya ce yana haki. "Ainihin fasahar a saukowa take. A hau da ni."

Ƙarti huɗu suka ɗaga shi da keken, suka bi ta matakala, daidai yadda ake yi kafin a yi gangaren. Mai Tef ta matso ta yi ƙasa da murya, don duk da komai tausayinsa ya kama ta.

"Don Allah ka sauka. Ka ce sai an gyara, ba wanda zai kashe ka."

Ya leƙa ƙasa. Daga sama gangaren bai yi kama da na kwamfuta ba ko kaɗan. Amma ga Malam, ga mahaifiya, ga wasiƙa. Ya danna hular kwano, ya ce, "Na lissafa," ya saki taya.

Abokina, na so a ce kana wurin. Ba a ga tafiyarsa ba, ƙararsa kawai aka ji. Ya damƙe birki, tayoyin suka tsaya, keken bai tsaya ba, don babu abin da zai kama. Ya keta tsakiyar fili, ya tsinke jan ƙyallen da aka tanada Malam ya yanka, ya ɗebi teburin lemo, ya wuce da takardar zanensa mai launi bakwai da ya kafa a wurin manne a fuska, ya je ya yi karo da baro, ya tashi sama, ya sauka da ka cikin ragowar yashi. Hular kwano ta yi ta gangarawa ita kaɗai har bakin ƙofa, mai gadi ya tare ta da ƙafa.

Kowa ya zuba wa yashin ido. Da aka ga ƙafafunsa na motsi, sai dariya ta ɓarke, har wani tsoho mai ƙarin ruwa a hannu ya leƙo ta taga yana tambaya ko za a sake.

Aka zaro shi, yashi har cikin kunne, idon sawu ya kumbura. Keken ya lanƙwashe, don haka a hannu aka ɗauki Na-Lissafa, aka sake bi da shi ta matakalar nan biyar.

"Malam, ka dai ga gudun," yake cewa daga sama. "Babu asarar ƙarfi ko ɗaya."

"Na gani," in ji Malam.

"Mun gode ƙwarai," Babbar Nas ta ce tana naɗa masa bandeji. "Mun roƙi abin da zai shigo da marasa lafiya, ka yi mana mai ƙera su."

Malam ya tara ɗalibai a bakin gadon da aka kwantar da shi. Ya ce Asabar mai zuwa za a fasa gangaren a sake, bisa awon Mai Tef, ita ce jagora, kuma wasiƙa tata ce. Na-Lissafa ya ji kamar an sake jefa shi cikin yashi. Ya tattaro ragowar girmansa.

"To ni a bar mini sashen tsintsiya. Na yi nazarinta yanzu, zan kawo mata gyare-gyare."

"A rufa mana asiri, Malam," in ji Baba Magini. "Tsintsiya sai wanda ya iya."

"Gaskiyar Baba ce," mahaifiyarsa ta ce tana kakkaɓe masa yashi daga gashi. "Ni na haife shi, ban taɓa ganin ya riƙe ta ba. In dai kuna so aikinku ya yi kyau, ku ba shi kujera kawai ya zauna."

Babbar Nas ta ɗaure bakin bandejin, ta ɗago.

"To Mama, amma a duba da kyau, kada ta zama mai taya."