Sarkin Korau Da Ɗan Rakiyarsa

A Tungar Gwanki akwai wani mutum, Korau, da matarsa Kuluwa, da jaki ɗaya tilo wanda yake ɗebo ruwa da shi yana sayarwa. Da jakin nan gidan ke ci. Korau ba rago ba ne, son sanin komai ne ya yi masa yawa, kuma duk abin da aka faɗa masa haka zai aikata, ba ragi ba ƙari. Nadabo dillalin jakuna kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan jakin.

Wata rana Sallau direba ya dawo daga Kurmi da sabon wasan karta, wai shi poka. Kowa kati biyu a hannu, a baje uku a tabarma. Wanda nasa ya dace da babban katin tabarma shi ya ci, in kuma su biyu ne suka dace, sai a duba ɗan rakiya, wato ɗaya katin hannu, mai babba shi ya ci. Da gyaɗa ake yi, a gindin mangwaro bayan la'asar. Sallau ya ce, "Korau, dokar farko, kada kowa ya ga komai a fuskarka." Washegari sai ga Korau da kwando kife a ka. Ba wanda ya ga fuskarsa kam, shi ma bai ga katinsa ba. Aka cinye masa gyaɗa kwano guda yana ta tambaya daga ciki, "Na ci ne?"

Wata rana Sallau ya ce, "Ka riƙa lura da abokin wasanka, ka san halinsa." Kwana uku Korau yana biye da Nadabo, kasuwa, masallaci, har ƙofar banɗaki. A nan ya ɗaga murya, "Malam Nadabo, wai yaya kake yi in ka samu kati mai kyau?" Amsar da tsumagiya ta fito. Kuluwa tana gasa masa baya tana cewa, "Maigida, ka ji duk abin da kake son ji, mu dai a bar mana jakinmu."

Wata rana kuma aka raba, Korau ya samu katin sarki da mai lamba biyu. Aka baje tabarma, ga wani sarkin, shi ne babba. Nadabo ya yi lamo, ya ce, "Na wuce," wato ba zai zuba komai ba tukuna. Korau ya ji daɗi ya tura gyaɗarsa. Sai Nadabo ya miƙe zaune, ya ce, "Na ƙara. Babur ɗina da jakinka."

Korau ya dubi sarkinsa, ya dubi babur. Tsoro ya kama shi, amma son ya ga abin da Nadabo ya ɓoye ya fi tsoron ƙarfi. Ya ce, "Sallau, don me ya yi shiru ɗazu, yanzu ya zaburo? In bi?"

Sallau ya ce, "Ni ina ruwana? Tambayi wanda za a yi cacarsa."

Korau ya tashi ya je inda jaki ke ɗaure, ya kai masa katin gaban hanci, ya ce, "To, kai me ka gani?" Katin duk maiƙon gyaɗa ne. Jaki ya shinshina, ya lamushe sarki da biyun gaba ɗaya.

Wanda ba shi da kati ba shi da wasa, gyaɗa kawai aka kwashe. Nadabo ya buga nasa a tabarma cikin takaici: sarki da goma.

Korau ya daɗe yana kallon goman nan. Can ya waiwayi jakin, ya ce, "Ikon Allah! Shi kuma wa ya koya masa?"