Rogo Zuwa Kaduna Ta Sama

Buhu ɗari biyu na taki wani dila zai karyar a Kaduna, wanda ya riga isa shi ke da kaya. Ni da aminina Alhaji Sule muka ji labarin a kasuwar Rogo. Ya nufi motar Zariya don ya zarce Kaduna, na yi masa dariya.

"Alhaji, daga Kano jirgi minti talatin ne," na ce.

Na lissafa tafiyar sama, na manta da ta ƙasa: Rogo zuwa Kano, sannan jiran jirgi har la'asar. Da na isa Kaduna, na iske Alhaji Sule zaune kan buhunan yana cin tsire.

"Sannu da sauka, matuƙi. Ɗauki tsinke ɗaya."

Ribata ke nan. Har yau in jirgi ya gifta, sai a leƙo rumfata: "Alhaji, motarka ta wuce."