Ƙugiyoyin Rigar Tabawa

A wani daji can bayan fadama akwai wata tsohuwar ɓauna, a cikin tumbinta kuma akwai gari guda. Mazaunansa ƙanana ne ƙwarai, dubunsu ba su cika tsinin allura ba. Amma kada ka raina su, suna da majalisa, suna da masu unguwa, har da magulmata. Tsofaffin gida a cikinsu su ne Gyatsawa, masu sana'ar haɗa iskar nan da ɓauna ke gyatsarwa, wadda in ta gamu da wuta sai ta kama.

Kowane Bagyatse da rigarsa, kuma ba a kasuwa ake sayenta ba. Fasalinta yana ƙulle a wani zaren gado da uwa ke kwafa wa 'yarta ranar haihuwa, kowane ƙulli da abin da yake fitarwa a jikin riga. Wasu ƙullan ƙugiyoyi suke fitarwa. Da su ake maƙale wa Majuya, manyan maƙwabtan nan masu narka ciyawa, a sha hucin da suke fitarwa. Hucin shi ne tuwon Bagyatse, su kuwa Majuya in ba a shanye musu shi ba sai ya shaƙe su.

Tabawa, wata dattijuwar Bagyatsiya, ta ga jiya ta ga yau. Allah sarki, a zamanin ƙuruciyarta in ɓauna ta kafa kai a rafi ambaliya ta shigo gari, ba mai ihu. Kowa ya saƙala ƙugiya a rigar na kusa da shi, na ƙarshe ya kama Bamaje, wato ɗaya daga cikin Majuya, ana lilo ana waƙa har ruwa ya wuce. Ko wanda kuke gaba da shi za ka riƙe, in ya so a ci gaba da gabar bayan an tsane. Tana son lokacin nan, ba ta gajiya da ba da labarinsa.

Tana dab da haihuwa majalisa ta kira taro. Shugabanta Ɗangoje ya gyara murya ya ce, "Jama'a, mu ne farkon zuwa garin nan, tun ɓauna tana maraƙa. Abin kunya ne a ga ɗan asali rataye a jikin baƙo kamar kaska. Zamani riga ne, kuma ta yanzu sumul take. Daga yau duk zaren da za a kwafa wa jariri, a warware masa ƙullin ƙugiya. Kowa ya tsaya da ƙafarsa."

Tabawa ta matso gaba. "Ranka ya daɗe, ai mu ba mu da ƙafa, ƙugiyar nan ita ce ƙafar tamu. Bamajen da nake riƙe da shi, kakata ma danginsa ta riƙe, ban taɓa jin sun ce mun yi musu nauyi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban ce ku fasa ba, wace ni. Ku dai bar wa 'yata ko maɗauki guda, inda zan saƙala tawa."

"Mun ji, Iya," in ji Ɗangoje. "Za a kafa kwamiti."

Kwamiti na nan yana zaɓen sakatare haihuwa ta zo. Ma'aikata suka iso, suka warware abin da aka ce su warware. Jaririyar, Dela, ta fito santala, riga sumul kamar ɓawon ƙwai, gari ya yi ta yabo. Tabawa ita ma ta yaba, tana lalubar inda za ta saƙala ƙugiya.

Ba a jima ba ɓauna ta ji ƙishi. Ruwa ya shigo da ƙarfinsa. Tabawa ta kafa ƙugiya ɗaya a jikin Bamajenta, ta miƙa duk sauran wajen 'yarta.

"Iya, riƙe ni."

"Ina riƙewa, 'yar nan. Wurin kamawa ne babu."

Ƙugiyoyin suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tana gani ruwa ya tafi da Dela da sa'o'inta ƙofar hanji, inda ba a taɓa jin wanda ya dawo ba. Tabawa ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Da gari ya lafa majalisa ta zauna karɓar gaisuwa. Aka duba kujeru, ba ɗan majalisar da ruwa ya ɗauka, har jariransu masu riga sumul ta gaba suna nan daram. Ashe masu warware ƙulli ba su taɓa leƙa wajen mazauni ba, inda 'yan majalisa da 'ya'yansu ke da ƙugiyar riƙe kujera.