Teku a Kan Farar Shaddata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da idona ya fara sauka a kan farin ƙyallen nan ba. Wata Asabar ce, a wani ɗan shagon intanet da ke bayan tasha a Birnin Kudu. Na je duba sakamakon jarrabawar ƙanwata, sai na tarar wanda ya tashi daga kujerar bai rufe shafin da yake kallo ba. Jirgin ruwa ne a tsakiyar teku, ba inji, ba hayaƙi, sai wani makeken farin ƙyalle da iska ta cika wa ciki. Ruwan kuwa shuɗi shar, kamar an jiƙa bula. Mujalla ce ta Turawa masu yawon teku da irin waɗannan jirage. Na zauna na saki baki har lokacina ya ƙare, sakamakon ƙanwata ko tunawa da shi ban yi ba.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata ƙaramar sakandare a Gwaram. Ni kuwa littattafan soyayya ne suka raine ni, irin waɗanda ake haya a kasuwa, bangonsu duk ya sha hannu. Na karanta su har na koyi tsayawa a bakin taga ina sauke ajiyar zuciya ba tare da kowa ya yi mini komai ba. Ina koya wa yara sunayen tekunan duniya, amma ruwan da ya fi kogin garinmu da damina ban taɓa gani ba. To ga teku ta zo har gabana. Tun daga ranar, duk Asabar sai na shiga mota zuwa Birnin Kudu.

Sai dai shafin bai taɓa buɗewa yadda ya kamata ba. Hoton jirgin da ke sama shi kaɗai yake fitowa. Rubutun kuwa wani ya hau kan wani, kamar awaki a bayan motar kasuwa. Daga ƙasa sai wasu akwatuna a jere, fayau, kowanne da ɗan jan gicciye a kusurwarsa. Ko ka danna su ba sa motsi. Na tambayi Sabo, mai shagon, ya leƙo ya karanta wani gargaɗi da ke saman shafin.

"Cewa suka yi burauzarmu ta tsufa," in ji shi. "Wato abin da ke buɗe shafukan. Masu mujallar sun yi gaba, ita ta tsaya. Hotuna ne a cikin akwatunan, ba za ta iya nuna su ba."

"A sake ta mana, Malam Sabo."

"In sake ta injin ya kwanta? Kai dai kalli jirginka."

Wani ne da ya haƙura. Ni kuwa sai na cika akwatunan da kaina. Na farko na ce tsuntsayen teku ne. Na biyu tsibiri ne mai itatuwan kwakwa. Na uku, wanda na fi ƙauna, na yanke hukuncin faɗuwar rana ce, ja-ja-wur, a kan ruwa. (Ba wanda ya faɗa mini haka. Kawai dai a littattafan da na karanta, duk inda aka kai akwati na uku rana ce ke faɗuwa.)

Duk wannan Malama Binta nake kwashewa in kai wa. Ita ke koyar da lissafi a makarantarmu, kuma ita nake so da aure. A ɗakin malamai zan zauna ina ba ta labarin faɗuwar ranar nan, ina lumshe ido, ita tana duba aikin yara da jan biro.

"Ka gan ta da idonka?" ta tambaye ni wata rana.

"Da idon zuci, Malama."

"Allah ya buɗe maka na fuska," ta ce, ta ci gaba da aikinta. Amma na ga ta yi murmushi.

Matsalar mahaifinta ce, Alhaji Garba. Motocinsa ne ke jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu har Kano, kuma shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantarmu. Baffana ya je masa da maganar, ya dawo jiki a sanyaye. Alhaji ya ce yaron ba shi da laifi a ido, amma direbobinsa sun faɗa masa duk Asabar suna sauke ni a ƙofar shagon intanet. A wancan zamanin kuwa, a wurin dattawanmu, saurayin da ya lizimci irin wannan shago abu ɗaya yake zuwa kallo, kuma ba jirgin ruwa ba ne. Alhaji ya ce a ba shi lokaci ya ƙara dubawa. Na san ma'anar hakan. Kuskure ɗaya, Binta ta fi ƙarfina.

Ana cikin haka aka kawo wa makarantarmu kwamfutoci da majigi. Shugaban makaranta ya sa ranar buɗe ɗakin, ya gayyaci iyaye da mai gari da liman. Da aka zo neman wanda zai nuna wa baƙi yadda intanet take, kowa ya juyo ya kalle ni. Ni kuwa zuciyata ta ce ga dama ta samu. Zan nuna wa Alhaji jirgina a gaban jama'a, ya san abin da ke kai ni Birnin Kudu. Har na hango shi ya miƙe idonsa da ƙwalla yana cewa, "Ɗana, na zalunce ka." (Haka surukai suke yi a babi na ƙarshe.)

Na ɗinka babbar riga ta farar shadda, aka buga ta tana ƙyalli. Wani injiniya ya zo daga Dutse ya haɗa kayan, amma abin da ke jawo intanet ɗin bai iso ba sai da safiyar ranar, don haka ban gwada komai ba. Yana tattara wayoyinsa ya ce mini, "Malam, na sa muku sabuwar burauza, komai za ta buɗe." Na ce madalla. Ban tsaya na auna kalmar "komai" ba.

Ɗaki ya cika. Manya a gaba kan kujeru, Alhaji Garba a tsakiya kusa da liman, ɗalibai a baya har kan tagogi, malamai mata a gefe, Binta a cikinsu. Aka rufe labule, aka tayar da janareta, majigi ya haska bango. Na yi sallama, na yi wani jawabi da na kwana biyu ina gyarawa, har da cewa teku uwa ce mai ɓoye hawayen masoya. Liman ya yi gyaran murya. Na buɗe shafin.

Intanet ɗin tana jan ƙafa, hoto sai ya riƙa sauka daga sama a hankali, layi bayan layi. Farin ƙyalle ya bayyana, sai jirgi, sai ruwa. Ɗakin ya ɗauki "Allahu Akbar!" Mai gari ya ce, "Yanzu wannan ba mai yake sha ba?" Na ce iska ce kawai, ranka ya daɗe. Alhaji Garba ya karkata hula ya ce, "Da ana irinsa na kan titi da na huta." Aka yi dariya. Na ji kamar in tashi sama.

Na gangara ƙasan shafin, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Rubutu ya jeru tsaf. Akwatunana kuma babu jan gicciye, sun fara buɗewa. Murna ta kama ni. Na kalli gefen da Binta take, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, yanzu za ku ga faɗuwar rana a kan teku." Na danna akwati na uku. Ya buɗe ya cika bango gaba ɗaya, ya fara sauka.

Sama ta fito, shuɗiya, rana tsaka. Na ce a raina ba komai. Sai igiyoyin jirgi. Sai wata hular kaba. Sai gashi, dogo, ruwan zuma, iska ta watsa shi ya rufe fuska. Sai wuya. Sai kafaɗu.

Kafaɗun nan babu riga a kansu.

Na nemi inda ake rufewa. A tsohuwar burauzar Sabo ko ido a rufe na san wurin, a wannan kuwa an sauya wa komai mazauni. Na danna nan, na danna can, injin ya ƙame, hoton kuma bai fasa saukowa ba. Na ji liman ya ce, "Subhanallahi." Ban kalli Alhaji ba. Wayar majigin tana kusa da ƙafata, cire ta kawai zan yi, amma wannan dabarar sai bayan sati ta zo mini. Abin da na yi shi ne abin da jarumin littafi zai yi. Na daka tsalle na tsaya a gaban bango, na ware hannuwa, na baza babbar riga, na runtse ido.

Kun dai tuna rigar fara ce. Bangon makaranta ruwan ƙasa ne, ya sha tabo. Rigata ta fi shi nuna hoto nesa ba kusa ba.

Ina tsaye haske na dukan fuskata, ina ta Innalillahi a zuci. Na san wata Baturiya tana sauka a jikina a gaban liman da mai gari da mahaifin Binta. Na yi ban kwana da aure, na yi ban kwana da aiki, har na fara tunanin wane gari zan koma inda ba a san ni ba. Sai na ji wani ya tuntsire da dariya a baya. Sai wani. Sai ɗakin ya fashe gaba ɗaya, har da buga tebur.

"Malam, kada ka motsa!" Muryar liman ce. "Tsaya daidai, bai gama fitowa ba!"

Na buɗe ido ɗaya na duba ƙasa. A kan ƙirjina, daidai aikin wuyan rigar, ga wani ƙirji mai furfura cunkus. A ƙasansa ga tumbi kamar randa, ja saboda rana, cibiyarsa ta zauna daidai tawa. Wani tsohon Bature ne, da gajeren wando, ya rungumo ƙaton kifi yana taƙama. Ni da iska mai ƙarfi kan tura, ga ni da tumbin da ban taɓa mafarki ba.

Alhaji Garba yana share hawaye da hannun riga. "Kai, wannan ai sa'ana ne!" ya ce. "Liman, dubi nan, ya fi ka tumbi!"

"Ya fi mu duka," in ji liman. "Malam ya yi ƙiba a Birnin Kudu."

Da aka watse Alhaji ya yafito ni zuwa gindin darbejiya. Na durƙusa a gabansa.

"Me ya sa ka yi tsalle?"

"Na ɗauka mace ce, Baba."

"Ba ka san abin da ke ciki ba? Kai da kake zuwa duk sati?"

Na faɗa masa gaskiya: injin Sabo bai taɓa buɗe su ba, jirgin kawai nake gani, sauran akwatuna ne fayau.

Ya ce, "Wato duk zaryar nan da kake yi a motata, kallon akwatin da babu komai a ciki kake zuwa yi?"

"Haka ne, Baba."

"Ikon Allah." Ya girgiza kai. "Wauta dai akwai ta. Amma na ga wanda ya sa jikinsa ya tare don kada idon manya da yara ya ga abin kunya. Ka ce wa baffanka ina nemansa. Tashi, Kyaftin."

Na koma ɗakin don in kashe injin. Kafin nan sauran akwatunan sun gama buɗewa. Na farko ba tsuntsaye ba ne, tallan igiya ne. Na biyu wani injin tace ruwa. Na huɗu kuwa, wanda ke manne da na tsohon, ba zan faɗi abin da ke ciki ba. Iyaka dai su ba tsofaffi ba ne, kuma ba maza ba ne. Da hannuna ya goce kaɗan da yanzu wani labarin nake ba ku daga wani garin. Na cire wayar daga bango, na zauna a ƙasa, na yi hamdala har muryata ta dushe.

Binta ta leƙo daga ƙofa, littattafan yara a hannunta. "Malam," ta ce, "ashe faɗuwar ranar taka gashi gare ta."

Abin da na koya bai da yawa. Abin da ba ka gani da idon fuska ba, kada ka tara jama'a ka ce za ka nuna musu. Idan injiniya ya ce maka abu zai buɗe komai, ka tambaye shi komai ɗin. Kuma in za ka tsaya gaban majigi, sa baƙar riga.

Alhaji ya tsufa yanzu, ya bar wa 'ya'yansa motocin. Har yau bai kira ni da sunana ba, jikokinsa ma da Kyaftin suka san ni a gidansa. Shekarun baya ya je Umara, aka kai su bakin teku a Jidda, ya sa aka ɗauke shi hoto ya turo mini. Wayata tsohuwa ce, hoton ya ƙi buɗewa, sai wani akwati fayau yana ta juyi. Matata Binta tana gefena tana dariya ƙasa-ƙasa. Can sai ga saƙon murya ya biyo baya, iska na kaɗawa a cikinsa.

"Kyaftin, ga ni a bakin ruwan naka. Gaskiyarka, yana da kyau. Buɗe hoton hankalinka kwance, ba sai ka yi tsalle ba. Da rigata."