Shirun Minti Ɗaya ga Taurarin Tudu

Ba zan taɓa mantawa da lokacin ba, don kuwa na rubuta shi: ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, wata ranar Asabar. (Ina rubuta lokacin komai. Wannan ɗaya ce daga cikin matsalolina.) A lokacin ne Mama ta aike ni ɗakin marigayi kakana in ɗauko mata takardar gona a cikin akwatinsa na ƙarfe, irin wanda tsofaffin sojoji ke dawowa gida da shi. Takarda dai ban gan ta ba. Abin da na samu kaset ne, a naɗe cikin safa.

A jikin kwalin akwai hoton maza biyar da wando mai faɗin ƙafa, kowa da suma kamar ya kifa kwando a ka. An rubuta Taurarin Tudu, a ƙasa kuma sunayensu da abin da kowa ke kaɗawa. Hoton ya koɗe har fuskokin sun koma kusan iri ɗaya.

Na kai shi kasuwar Zuru wurin mai tura waƙa a waya. Ya jujjuya shi, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana firamare, amma maƙwabcinsa mai gyaran rediyo yana da abin da zai ci shi. Bayan kwana biyu aka zuba mini waƙa takwas a memori.

Ƙaho ne ke fara shigowa, a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. Sai jita ta biyo shi, sai ganga irin ta badujala, sai wata murya tana waƙa rabi Hausa rabi C'lela, yarenmu, a kan saurayin da ya shekara yana noman golmo, wato noman neman aure, a gonar iyayen budurwa, ita kuwa ko ruwa ba ta taɓa kawo masa ba. Na saurara sau goma sha ɗaya a ranar. Ƙawayena na makaranta suna jin waƙoƙin da suka fito makon jiya, ni kuma na kamu da son mutanen da suka ajiye kiɗa tun kafin a haife ni. Dama haka nake, sai an gama yayin abu nake samun labarinsa.

Na sayi sabon littafi, na ja layi da rula, na rubuce baitocin duka. Abu ɗaya na sa a raina: in ji ƙahon nan da kunnena, ba ta waya ba. Na duba laburaren makarantarmu, babu. Na bincika a waya har data ta ƙare, babu ko sunansu. Wanda ban tambaya ba shi ne ɗan Adam. Mama tana tsakar gida kullum, taku goma daga ɗakina, amma tambaya sai an buɗe baki, ni kuwa bakina ba ya buɗuwa sai a kan takarda. Sai na yi lissafi irin na masu ilimi: kaset tsoho ne, mai kaset ɗin ya rasu, waya ba ta san su ba. Na ɗauki jan biro na rubuta a shafin ƙarshe: “Duk sun rasu.” Na ja layi biyu a ƙasa. Har hawaye na yi.

Ana nan sai bikin ɗiyar kawuna ya taso a Manga. Aka ce ni zan yi jawabin godiya a wurin liyafa, tunda ni ce mai karatu. Na rubuta shafi uku, na ƙara wani abu nawa a ƙarshe wanda ban nuna wa kowa ba.

Bayan an fito daga coci aka taru a filin firamare, ƙarƙashin rumfuna. Da lokacina ya yi, na roƙi mai sa kiɗa ya fara sa waƙar golmon nan. Samari da ’yan mata suka koma kujerunsu. Amma can baya tsofaffin mata suka fara motsa kafaɗa, wata ma ta rangaɗa guɗa. Na ce a raina, ashe ba ni kaɗai ke kewarsu ba. Na karanta godiyata ba tuntuɓe, sannan na juya shafi.

“Jama'a, ina roƙon kowa ya tashi tsaye, mu yi shiru na minti ɗaya don tunawa da marigayan da suka yi mana wannan waƙa.”

A ƙasarmu da wuya ka sami gidan da ba soja. In an ce a tashi, tashi ake yi, daga baya a tambayi dalili. Amarya ta tashi, ango ya tashi, fasto ya cire tabarau. Na fara karanto sunaye kamar yadda suke a kwalin.

“Marigayi Kofur Bawa, mai ƙaho.”

“Ga ni, sa!”

Daga teburin manyan baƙi muryar ta fito. Tsohon soja ba ya jin an kira shi da muƙaminsa ya yi shiru. Ga shi tsaye, diddige a haɗe, ƙirji a waje. Baba Mai Niƙa ne, na bakin layinmu. Tun ina ƙarama duk Juma'a nake kai masa dawa, in durƙusa in gaishe shi. Ban taɓa jin sunansa ba, don a wurinmu yaro ba ya kama sunan babba. Ko Mama, Baba Mai Niƙa take ce masa.

Mai hankali a nan zai ajiye makirfo. Amma sunaye biyar ne a takardar, ni kuma ban taɓa fara jeri na bar shi a rabi ba.

“Marigayi Saje Ishaya, mai jita.”

“Yana gida, ɗiyata,” in ji wata tsohuwa. “Gwiwa ce ta hana shi zuwa. In ce masa kina gaisuwa?”

“Marigayi Ɗanladi, mai ganga.”

“Ke, kawun ango ne!” wani ya yi ihu. “Ga shi can, bai ma tashi ba.”

Mutumin ya ɗaga cinyar kaza sama ya ce, “Ku bari in ƙarasa wannan kafin a binne ni.”

“Marigayi Magaji, mai waƙa.”

Sai fasto ya ce a hankali, “Wannan kam ya tafi gida.” (Allah Ya yafe mini, wani sanyi na ji a raina. Ko ba komai na ci ɗaya.)

Na biyar ban kai gare shi ba. Mai gabatarwa ya zo ya zare makirfon daga hannuna a hankali, kamar mai karɓe wuƙa a hannun jariri, ya ce, “Fasto, an ƙara maka aiki. Aure ɗaya, jana'iza biyar.” Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Ribah. Amarya sai da aka sake yi mata kwalliya.

Muka kamo hanyar gida ni da Mama. Sai da muka kusa shiga gari ta ce, “Me ya hana ki tambaye ni? Su fa suka yi kiɗan bikin yayata. Na yi rawa har takalmina ya tsinke.”

Mako uku ina ɗaukar dawa a ka zuwa wani injin a can ƙarshen gari. A na huɗu Mama ta shafa garin ta ce wannan tsaki ne ba gari ba, in koma inda na saba ko in daka da hannuna.

Da Baba ya hango ni sai ya kashe injin, don duk matan da ke kan layi su ji da kyau.

“A'a, mai jana'iza! An zo duba kabari ne?”

Na durƙusa na ba shi haƙuri, ina kallon ƙasa. Ya ce in tashi, ai shi ya daɗe bai ji an kira shi Kofur a lasifika ba. Na miƙa masa littafina. Ya sa tabarau ya bi shi shafi-shafi, ya gyara mini layi biyu na C'lela. Ya ce sun watse ne da mutane suka gane kaset ba ya cin tuwon biki, ba ya kuma neman a kai shi Mahuta a mota. Ƙahon yana nan, in ji shi, rataye a ɗaka.

Abin da na koya dai shi ne, kafin in sake sa jama'a shirun minti ɗaya, zan fara yin maganar minti ɗaya da uwata. Don haka na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi na yi tambaya ta farko a wannan bincike.

“Baba, ko sau ɗaya ne, za ka busa mini in ji?”

Ya ce in ɗago kai. Na ɗago, karo na farko a rayuwata na kalli fuskarsa sosai. Ya wangale baki ya nuna mini dasashi.

“Ɗiyata, ƙaho da haƙoran gaba ake busa shi. Na ƙarshen ya fita bara da kaka. Kin makara da haƙori huɗu.”