Walimar da Na Yi wa Ɓerayen Suwaidi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a Riyad, ranar da na tsaya a gaban kafilina da dattawan Hausawa ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin aikina gadi ne da shara a wata istiraha can bayan unguwar Suwaidi, irin gidan nan mai fili da ɗakin taro da madafa da ake haya don walima. Mai wurin, Abu Fahad, shi ne kafilina, wato ubangidan da zamana a ƙasar ke hannunsa, kuma lokacin sabunta iƙamata, takardar izinin zama, ya matso. Mutum ne mai sauƙin kai, amma ya tsani ɓera. Wata rana wasu baƙi suka yi ƙorafin sun ga ɗaya ya gilma ta ƙarƙashin firji. Ya kira ni ya ce in aka sake ganin ɓera a gaban baƙi, to halas, wato shi ke nan, zai kawo masu feshi, ya kuma nemi wani mai gadin.

Da na yi shiru da ya fi mini. Sai na ji bakina yana cewa, "Ya Abu Fahad, ba sai an kira kowa ba. Mu a garinmu mage ce maganin ɓera. Ni cikin maguna na tashi." (Allah Ya yafe mini. Mage ɗaya na sani a gidanmu, ita ma ta maƙwabta ce, satar kifi ke kawo ta.)

Washegari sai ga shi da mage, fara sol, gashi buzu-buzu, fuska a baje kamar an danne ta da faranti. Ta 'ya'yansa mata ce da suka gaji da ita, sunanta Lulu. Ya sauke mini wani akwatin roba mai murfi, ya ce a ciki take yin bayan gida, in je in sayo yashin da ake zubawa a ciki. Na ce yashi? A ƙasar da in ka buɗe baki a waje sai ya cika da yashi? Ya ce Lulu ba ta san wannan ba, sai na shago.

Na tafi shagon kayan dabbobi, kaina ya ɗaure. Akwai na yumɓu mai dunƙulewa in ya jiƙe, akwai na dusar katako, akwai wani mai ƙyalli kamar gishiri, akwai mai ƙanshin turare. Mai shagon, wani Basudane mai haƙuri, yana ta yi mini bayani, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar likitan dabbobi. Can idona ya faɗa kan wani buhu mai hoton zangarniyar masara. Na shinshina, sai na ji ƙanshin rumbun babana. Na ce wannan nake so. Ɗan manomi ne ni, masara dai ba za ta cuce ni ba.

Basudanen ya dube ni ya ce, "Ya zol, inda za ka ajiye shi, akwai ɓera?"

Akwai wasu mata biyu a bayana suna jiran layi, sai na ji kunya ta kama ni, kamar an tambaye ni ko ina da ƙwarƙwata. Na ɗaga murya na ce, "Ɓera? Mafi, babu ko ɗaya! Wurinmu tsaf yake." Ya ɗaga kafaɗa ya ɗora mini manyan buhuna a mota.

Na kai akwatin sito, kusa da madafa, daidai hanyar da ɓerayen ke bi, wai in sun ji warin mage su gudu. Na jingine buhunan a gefensa. Kuma wallahi cikin 'yan kwanaki madafa ta yi tsit, ko kashin ɓera ban ƙara gani ba. Na buga wa Abu Fahad waya na ba shi labari, har da ƙarin gishiri. Na lura yashin yana raguwa da sauri, na ce Lulu ce mai ɓarna. Na lura Lulu ba ta shiga siton ko kaɗan, ta koma kwana a ƙarƙashin na'urar sanyi, buƙatarta kuwa a cikin fulawoyi take yi. (Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani a nan. Ni kuwa na ce sabo ne ba ta yi ba tukuna.)

Ana haka sai Alhaji Ilu, wani dattijo mutumin Maraɗi da ya daɗe yana tuƙi a unguwar Shumaisi, ya kama istirahar don walimar sunan jikansa. Ni ne ma na tallata masa wurin. Bayan an sauko daga Juma'a mutane suka cika, aka ci kabsa, shinkafar Larabawa da nama, aka sha shayi. Abu Fahad ya leƙo don ya gaisa da baƙi, ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce wannan bawan Allah ya raba shi da ɓera ba tare da ɗigon guba ba.

Alhaji Ilu ya gyara zama ya ce, "Kai, ɗana, ashe kana da wannan sirri ka bar mu? Mu can Shumaisi sun hana mu sakat. Kilishin da aka aiko mini daga gida, takardar kawai suka bar mini. Tashi ka nuna mana."

Na ce, "Baba, ai abin ba wuya, sani ne kawai." Na maƙale Lulu a hammata don ta zama shaida, na wuce gaba, dattawa da kafilina na biye. A hanya har lacca na yi musu a kan yadda ake zaɓen yashi. Na tura ƙofar sito, na durƙusa, na ɗage murfin akwatin.

Suna ciki. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, iyali guda ne, sun yi ɓul-ɓul, gashinsu har sheƙi yake. Wani babba a tsakiya ko gudu bai yi ba, ya riƙe ƙwayar masara da hannu biyu yana kallona, kamar mai tambayar wa ya ba ni izinin shigowa. Sai buhunan suka fara motsi. Kafin in ce wani abu sun fashe ta ko'ina, suna bi ta tsakanin ƙafafun mutane. Dattawa suka tattare riguna suna salati. Abu Fahad ya yi tsalle ya haye buhun shinkafa, rawaninsa ya faɗi. Lulu kuwa, maganin ɓera, ta bi ta kafaɗata ta taka kaina da farata, ta fice da gudun da ban taɓa sanin tana da shi ba.

Da ƙura ta lafa, Alhaji Ilu ya sa hannu a sabon buhu ya ɗebo, ya murza, ya shinshina. Ya ce, "Ɗana, wannan ai tsaki ne. In ka kai wa Hajiya, dambu za ta yi mana da shi." Wani daga baya ya ce, "Alhaji, walimar yaron nan ta fi taka armashi, tasa kullum ake yi." Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki.

Abu Fahad bai yi dariya ba. Ya sauko ya kaɗe rawaninsa ya tambaye ni wa ya zaɓi wannan abu. Wallahi sunan Basudanen ya zo har kan harshena, don ba ya nan balle ya kare kansa. Amma na dubi dattawan nan, na ji ƙaryar ta ishe ni haka. Na ce ni ne. Na ce mai shago ya tambaye ni ko akwai ɓera na ce babu. Na ce ban san komai game da mage ba, tun farko cika baki ne.

Alhaji Ilu ya matsa kusa da shi, ya ce da Larabcinsa na tsohon direba, wanda ya faɗi gaskiya alhali ɓera na bin ƙafarsa, ai ba a korarsa. Abu Fahad ya daɗe yana kallona, sannan kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Ya ce ya ba ni dama zuwa ranar da baƙi na gaba za su zo.

Da safe na koma shagon na gaya wa Basudanen komai. Ya yi ƙoƙari ƙwarai bai yi dariya ba sai da na gama. Ya ba ni na yumɓu, wanda ko ɓeran da yunwa ta haukata ba zai ci ba. Ya ce in toshe kowane rami da soson ƙarfe in shafe da siminti, in zuba shinkafa da sukari a robobi masu murfi, in daina barin shara ta kwana a madafa, in ɗana tarko a bakin bango. Na yi duka, har da abin da bai ce ba. Baƙi suka zo suka tafi, ba wanda ya ga ko wutsiya. An sabunta mini iƙama, ina nan a wurin har yau, ni da Lulu, wadda har yanzu ko ƙuda ba ta taɓa kamawa ba.

A Shumaisi dai sunana ya riga ya canza. In na shiga gaisuwa sai ka ji an ce, "Ga mai walima nan, ku ɓoye masararku." Na karɓa, ni na jawo. Abin da na koya shi ne, in wanda ya san abu ya tambaye ka ko akwai ɓera a wurinku, ka ce akwai tun kafin ya rufe baki. In ya nemi sanin yawansu ma, ka ce bari ka je ka ƙirgo.